Malam ya hana mu kafa hujja da Wikipedia, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, an ba mu aikin bincike kan tarihi, malaminmu ya ce duk wanda ya kafa hujja da Wikipedia zai rage masa maki. Waya kaɗai gare ni, kuma duk abin da na nema a Google, Wikipedia ce ke fara fitowa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku na kan gaskiya, sai dai bai hana ki leƙawa ba, jingina da ita ya hana. Tun da aka buɗe Wikipedia a 2001, tsarinta shi ne kusan kowa na iya gyara yawancin maƙalolinta. Abin da kika karanta da safe, kafin la'asar wani ya sauya shi. Malami kuwa yana so in ya bi sawunki ya tarar da abin da kika gani.

Ki karanta maƙalar don ki kama bakin zaren, ki kwashi sunaye da shekaru. Daga nan ki lura da ƙananan lambobin da ke maƙale a ƙarshen jimloli. A waya, da kin taɓa ɗaya, wani ɗan akwati zai taso daga ƙasan allo ya nuna littafi ko jarida ko mujallar da aka ɗauko zancen. Can za ki nufa, ki karanta da idonki, shi za ki rubuta a matsayin madogara. Kada ki kwafi sunan littafin da ba ki buɗe ba. Na sha bin irin wannan lamba in tarar marubucin bai ma faɗi haka ba. Jimlar da ba ta da lamba ko kaɗan, ki bar ta inda kika gan ta.

Wani lokaci za ki taɓa adireshin ki tarar shafin ya mutu. Kwafe shi ki liƙa a Wayback Machine da ke archive.org, sau da yawa akwai tsohon kwafinsa a ajiye.

Britannica, wani kundin ilimi da aka fara bugawa a 1768, tana da editocin da ke tantance rubutu, shi ya sa malamai suka fi yarda da ita. Akwai kuma Google Scholar don binciken masana. Wasu takardun sai an biya, amma in kika ga an rubuta PDF a gefen sakamakon, galibi kyauta ne. A Google na yau da kullum ma, ki ƙara filetype:pdf bayan kalmominki, tarkace zai ragu sosai.

Kuma tun kina karantawa ki riƙa rubuta sunan marubuci, shekara, shafi da ranar da kika duba. Neman su a daren miƙa aiki azaba ce.

Tambaya: Malam, in na ce wa ChatGPT ya jero mini littattafan da zan ambata fa?

Amsa: Zai jero, har da shekara da lambar shafi, amma yakan ƙirƙiro littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Ki ɗauki kowane suna ki nema a Google Scholar ko Google Books. Wanda bai fito ba, goge shi.