Tambayoyinku: Zagayen Wuta a Auren Hindu, da Batun Ƙona Gawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk auren da na gani a finafinan Indiya sai ango da amarya sun zagaya wuta. Wata ƙawata ta ce ai Majusawa ne. Haka ne? Kuma zagayen shi ne ɗaurin auren? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙawarki ta haɗa al'ummomi biyu da ba ɗaya ba ne. Majusawa asalinsu Farisa, kuma 'yan kaɗan ne a Indiya, galibinsu a Mumbai. Mabiya Hindu kuwa su ne mafi rinjaye, domin ƙidayar 2011 ta nuna su ne kashi 79.8 cikin ɗari, wato kimanin mutum miliyan 966. Amma ba zan ce miki wutar ado ce kawai ba. Agni, wato wuta, yana cikin abubuwan bautarsu, har baitin farko na littafinsu mafi tsufa, Rig Beda, da yabonsa ya buɗe. A wurin aure shi ne shaida, kuma sun ɗauka shi ke isar da hadayar da aka zuba masa.

Ga yadda abin yake idan kika matsa kusa. Ana hura wuta a wani ɗan murhu mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin rumfa. Malaminsu yana karanta addu'o'i da Sanskirit, tsohon harshen littattafan addininsu, ana ɗiga man shanu, wutar tana tashi. An ƙulle bakin mayafin amarya da na ango. Ɗan'uwan amarya zai cika mata tafin hannu da gasasshiyar shinkafa, ita da ango su zuba a wuta, sannan su zagaya. Wasu sau bakwai, mutanen Gujarat sau huɗu.

Sai dai abin da masu fim kan wuce da sauri shi ne ya fi nauyi: taku bakwai da ake kira saptapadi. Kowane taku da roƙonsa, daga abinci da ƙarfin jiki da arziki da zuri'a har zuwa na bakwai, wanda na abota ne. Wannan na ƙarshen yana burge ni matuƙa, a ce miji da mata sun rufe alkawarinsu da cewa sun zama aminai. Dokar Auren Hindu ta 1955, a sashe na 7, ta ce inda al'adar dangi ta ƙunshi wannan taku, aure na kammala ne da taku na bakwai. A 2024 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa takardar rajista kaɗai, ba tare da an yi bikin ba, ba ta ƙulla auren Hindu. Ba kuma duk ƙasar ce a kan tsari guda ba. A kudu, ɗaura wa amarya sarƙar aure a wuya da ƙulli uku shi ne lokacin da ake jira, kuma tun 1967 jihar Tamil Nadu ta amince da auren da babu malami a cikinsa.

Auren nan ɗaya ne daga jerin bukukuwan da suke kira samskara, waɗanda aka fi ƙirgawa 16, kodayake wani tsohon littafinsu ya kawo 40. Tun jariri yana ciki ake farawa: a wajen wata na bakwai ana yi wa mai ciki biki, a ƙasar Tamil a cika mata hannu da awarwaron gilas. Ran haihuwa uba kan taɓa wa jariri zuma da man shanu a baki, a raɗa suna bayan kwana 10 zuwa 12. A wata na shida sai bikin cin farko. A Bengal kawu ne, ɗan'uwan uwa, ke ɗora yaron a cinya ya ba shi lomar shinkafa da madara, daga nan a ajiye masa faranti mai ɗauke da littafi da alƙalami da kuɗi da ƙasa, dangi su zuba ido su ga wanne zai fara kai wa hannu. Aski yakan zo a shekara ta farko ko ta uku, wasu har haikalin Tirupati suke kai yaro don haka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne upanayana, ranar da ake rataya wa yaro zare mai igiya uku daga kafaɗar hagu, a raɗa masa addu'ar Gayatri a kunne, ya shiga karatu. Tsoffin littattafan sun sa shekara 8 ga ɗan Barahman, wato ɗan gidan malaman addini, 11 ga ɗan mayaƙa, 12 ga ɗan 'yan kasuwa. Waɗanda aka haifa a aji mafi ƙasƙanci kuwa babu su a lissafin, 'yan mata ma an daɗe ana barin su a baya. Ƙofar ilimi da aka rufe wa yaro saboda gidan da aka haife shi zalunci ne, kuma 'yan Hindu da kansu sun yaƙi wannan. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda aka kafa a 1875, tana ba kowa zaren.

Tambaya: Malam, da gaske ne duk Hindu ƙona shi ake yi in ya mutu, kuma ana ƙona matarsa tare da shi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, galibi ƙonawa ake yi, amma ba kowa ba. Jarirai da waɗanda suka bar duniya suka rungumi zuhudu binne su ake yi, haka ma mabiya ɗariƙar Lingayat na jihar Karnataka. Dalilin ƙonawar yana cikin aƙidarsu: rai ba ya mutuwa, yana komawa wani jiki, don haka suna so a raba shi da tsohon jikin ba tare da jinkiri ba. Wannan ba aƙidata ba ce, amma kada ka ɗauka wulaƙanta gawa suke nufi. Suna wanke ta, su naɗe, maza su ɗauka a kan makarar gora. Babban ɗa yakan aske kansa ya sa fararen kaya, ya saɓa tulun ruwa a kafaɗa ya zagaya tulin itacen, a fasa tulun, sannan ya kunna wutar da hannunsa. Ka tuna mahaifinsa ne kwance a gabansa, ba ƙaramin nauyi ba ne.

Bayan haka a kwashe tokar a zuba a kogi, an fi son Ganga, a Haridwar ko Prayagraj ko Baranasi. A Baranasi, a mashigar Manikarnika da ke bakin kogin dare da rana ana ƙonawa, domin sun yi imani wanda ya mutu a birnin ya kuɓuta daga sake haihuwa. Zaman makoki kan kai kwana 13, ana miƙa curin shinkafa da sunan mamacin, kuma duk shekara akwai mako biyu na tuna magabata, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa garin Gaya.

Ƙona matar mamaci da ranta kuwa ya taɓa faruwa a wasu yankuna da wasu gidaje, kuma mugun abu ne. An haramta shi a 1829, zamanin gwamnan Turawan mulkin mallaka William Bentinck, bayan gwagwarmayar Raja Ram Mohan Roy, wanda shi kansa Barahman ne. Da aka sake yin irinsa a Rajastan a 1987, sai aka kafa doka mai tsanani da ta hukunta har masu yaba aikin. A yau mata ma sun fara tsayawa a gurbin da a da na maza ne kaɗai: da tsohon firaminista Atal Bihari Vajpayee ya rasu a 2018, 'yar riƙonsa ce ta kunna masa wutar.