Motar da ta mutu cikin ruwa

Malam, ka ce motarka ta mutu cikin ambaliya a Marwa, kana tambaya ko ka sake tayar da ita. Kul! Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda, wato ramin cikin injin da ƙarfen da ake kira fiston ke hawa da sauka yana matse iska, sannan ka murɗa makulli, fiston zai daki ruwan, sandarsa ta lanƙwashe, wani lokacin har ta fasa injin.

Cire wayar batir, a ja motar zuwa gareji. Duba filtar iska, in ta jiƙe sharkaf to mai yiwuwa ruwa ya wuce ciki. Bakanike ya kwance fulogi duka, ya juya injin da sifana ruwan ya fito ta ramukan. Baƙin mai in ya koma kamar shayi da madara, a juye shi, a canza filtarsa. Man giya ma a duba.