Tambaya da Amsa: Hannun Jarin da Ake Saye da Kuɗin Cikin Gem

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Aliero. Wani abokina ya nuna min yana sayen hannun jari da kuɗin cikin gem, ya ce idan ya tashi ana canja shi zuwa dala. Yaya abin yake, kuma daidai yake da kasuwar hannun jari ta Legas?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu abokinka ya zuba maka a ƙwarya ɗaya: wurin canji daban, kasuwar hannun jari daban.

Mu ɗauki Second Life, duniyar intanet da kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a 2003. Kuɗinta shi ne dalar Linden, wurin canjinta kuma LindeX, mallakar kamfanin ne da kansa. An daɗe farashi yana kai-kawo a kusan Linden 250 kan dala ɗaya, domin idan kuɗin ya nemi tsada kamfanin yakan zuba sabo a kasuwa.

Kasuwannin hannun jari kuwa, irin su World Stock Exchange da SL Capital Exchange da suka yi tashe a 2007, 'yan wasa ne suka kafa su. A wancan lokacin za ka kai surarka, wato hoton mutumin da ke wakiltarka a cikin gem, wani katafaren zaure, ga akwati a tsaye kamar na'urar cirar kuɗi. Ka danna shi, ka rubuta adadi, ka biya. A wannan daƙiƙar kuɗin ya bar hannunka ya shiga aljihun surar mai kasuwar. Abin da ya rage maka lamba ce a shafinsa na intanet, da ita za ka sayi hannun jari a kamfanonin da ke cewa suna hayar filaye ko ɗinka tufafin surori.

A kasuwar NGX ta Legas akwai hukumar SEC da ke sa ido, akwai CSCS mai riƙe da rajistar wa ke da me, akwai dillali mai lasisi, ga masu binciken kuɗi da ke duba littafin kamfani. A gem mutum ɗaya ne ma'aji, shi ne mai rajista, shi ne alƙali, sau da yawa ma ba ka san sunansa na yanka ba.

Farashin da ke kan allo shi ya fi ruɗin matasa, don haka bari mu buga misali. Kamfani ya fitar da hannun jari miliyan ɗaya kan Linden 1, ka sayi 10,000. Mai kamfanin ya buɗe surori biyu, wannan ta sayar wa waccan guda 500 kan Linden 3. Allo ya nuna kana da 30,000. Ran da ka zo sayarwa, masu saye na gaskiya su ne: mai son 400 kan Linden 2, mai son 1,000 kan Linden 1, sauran kuma rabin Linden suka taya. Ka haɗa: 800 da 1,000 da 4,300, wato 6,100. Ko uwar kuɗinka ba ta dawo ba. Jerin masu taya kaya za ka riƙa dubawa, da yawan abin da kowa ya nema.

Tambaya: Malamai, ina yi muku fatan alheri daga Gusau. Yarona ya matsa min in ba shi naira 50,000 ya ajiye a wani banki na cikin gem, wai kullum ana ƙara masa kashi 1 cikin ɗari. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara arziki, kada ki ba shi. Ki zaunar da shi ku yi lissafi tare. Kashi 1 kullum, ana ɗora riba kan riba, yana ninka kuɗi kusan sau 38 a shekara. Dubu hamsin ɗinki za ta zama kusan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Wace sana'a ce a cikin gem, ko a kasuwar Gusau, take haifar da haka? Kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan na jiya da shi, kamar yadda MMM ta yi kafin ta rufe asusun jama'a a Disamban 2016.

An riga an ga ƙarshen irin wannan. A Second Life an yi banki mai suna Ginko Financial, yana alkawarin kuɗin ruwa mai yawa. A Yulin 2007 Linden Lab ya haramta caca a duniyar, mutane suka yi rububin cire ajiyarsu. Bankin ya taƙaita abin da za a iya cirewa, ya jera masu nema a layi, a watan Agusta ya durƙushe da ajiyar da ta kai kimanin dala 750,000. Maimakon kuɗi, sai aka mayar da ajiyar mutane takardun bashi, aka ce su je su sayar a World Stock Exchange, inda darajarsu ta zube. Daga 22 ga Janairun 2008 kamfanin ya hana kowa bayar da kuɗin ruwa a duniyar sai mai lasisin banki na gaskiya.

A EVE Online, gem ɗin kamfanin CCP na ƙasar Ayislan, abin ya fi tsanani, domin damfara tsakanin 'yan wasa tana cikin abin da dokar wasan ta ƙyale. A 2009 shugaban wani banki mai suna EBank ya kwashe ISK (kuɗin wasan) biliyan 200, kimanin dala 5,000. An kore shi daga gem ɗin, amma laifin da aka kama shi da shi sayar da kuɗin a waje ne, ba kwashewar ba.

Hukumar NDIC, mai inshorar ajiyar banki a Najeriya, ba ta inshorar irin wannan ajiya. Sannan tun da kuɗin gaske aka sa aka sayi na gem ɗin, kuma an yanka ƙari a kan ajiya, ki kai wa malamin fiƙihu maganar a yadda take, ya faɗa miki matsayinta game da riba.

Tambaya: Ina da shagon POS a Jega. Tambayata gajeriya ce: da gaske ana iya fitar da kuɗin ya zama naira?

Amsa: Alhaji, ya danganta da gem ɗin. A EVE Online dokar wasan ta hana sayar da ISK da kuɗin gaske, wanda aka kama a rufe asusunsa da duk abin da ke ciki. A Entropia Universe na kamfanin MindArk da ke Suwidin an tsayar da farashi, PED 10 (kuɗin wasan) kan dala ɗaya, kuma ana cirewa. A can ne a 2011 aka sayar da takardun fili 60,000 na Calypso, wata duniya a cikin gem ɗin, kowace dala 100, masu su suna samun kaso daga kuɗin shigan da duniyar ke samu. Wannan ya fi kama da hannun jari, tun da daga gidan wasan takardun suka fito, ba daga wani ɗan wasa ba. Duk da haka ransu yana rataye da ran gem ɗin.

A Second Life ƙofa uku za ka bi. Ka sayar da Linden a LindeX, ko dai nan take kan farashin da ake tayawa, ko ka yanka naka ka jira mai saye. Dalar ta zauna a asusunka na gem. Sannan ka nemi a fitar, a nan za a buƙaci katin shaida na gwamnati mai sunan da ya dace da na asusun. Sayarwa da fitarwa kowanne da la'adarsa. A ƙaddara kashi 5 ne wajen sayarwa da wani kashi 5 wajen fitarwa: Linden 25,000, wato dala 100, za ta koma 95, sannan 90 da 'yan canji, tun ba a zo kan farashin naira ba. Ka duba adadin la'adar a shafinsu ranar da za ka yi, saboda yana sauyawa. Ka kuma sani yarjejeniyar da ka danna wa amincewa ta ce Linden izinin amfani ne kawai, ba bashi ba ne a wuyan kamfanin.

Waɗanda suka ci abinci da wannan duniya kaya suka sayar. Anshe Chung, wadda a 2006 ta shelanta cewa dukiyarta ta cikin Second Life ta kai dala miliyan ɗaya, filaye take saye ta gyara ta ba da haya. Idan ka ƙudura gwadawa, fara da ƙofar fita: tabbatar da cewa hanyar biyan tana karɓar asusun Najeriya, zuba mafi ƙarancin abin da aka yarda, ka fitar da shi har alat ya shigo wayarka, ka rubuta nawa ya tafi a hanya da kwana nawa ya ɗauka.