Amsa: kuɗin sauya gidan tafi-da-gidanka ga 'yan Traveller a Ayalan

Malam, ka ce gidan tafi-da-gidanka na abokin aikinka ɗan ƙabilar Traveller (wata ƙabila ce 'yar asalin Ayalan mai al'adar yawo daga wuri zuwa wuri) yana yoyo, danshi ya cinye bango, kana tambaya ko gwamnati na sauya musu.

Ba kyauta ake rabawa ba, yawanci rance ne mai rangwame. An fara gwajin shirin a 2021 a wasu ƙananan hukumomi, da Dublin da Cork a ciki, kafin a faɗaɗa shi. Ma'aikatar gidaje ke ba da kuɗin, amma ƙaramar hukumarsu ce ke karɓar takardu, domin dokar gidaje ta 1998 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin matsugunin 'yan Traveller. Can abokin naka zai fara zuwa, sashen gidaje. Ana biya kaɗan-kaɗan duk mako, gwargwadon samun iyali.

Inda mutane ke tuntuɓe: su sayi gidan tukuna, sannan su je neman a mayar musu da kuɗi, ko su faɗa hannun masu ba da bashi da ruwa. Kada ya yi ko ɗaya. Idan gobara ko guguwa ce ta lalata gidan, ya faɗa tun farko, akwai hanyar gaggawa daban.

Ya ɗauki hotunan ɓarnar, ya nemi MABS, hukumar ba da shawara kan kuɗi da bashi, su duba lissafinsa kafin ya sa hannu.