Kuɗin Sallamar Abokin Mahaifina da Kamashon Kamfaninmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata biyu ina aiki a wani kamfanin saka jari a Gombe. Wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya yi ritaya bayan shekara 35 yana koyarwa, ya kawo mini kuɗin sallamarsa ya ce in zuba masa inda za su haihu. Shugabana yana so in saka su a wani tsari da nake samun kamasho mai tsoka a kansa, amma ba a cire kuɗin kafin shekara biyar sai da asara. Har yanzu ban ba dattijon amsa ba. Yaya zan yi?
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Dattijon nan sunan mahaifinka ya kawo shi wurinka, domin da kamfani yake nema, da ofis ya nufa ya tambayi manaja.

Kafin ka ambaci kowane tsari, ka tambaye shi abin da kuɗin za su yi masa. Mutumin da ya haura sittin yana da 'ya'ya mata da zai aurar, yana da magani na wata-wata, wataƙila kuma yana da niyyar aikin Hajji, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai jira shekara biyar. Ranar da larura ta taso ya zo cirewa aka zaftare masa wani kaso, kai zai tuna.

Ina faɗin haka ne da ciwo a raina. A farkon 2008, lokacin da kasuwar hannayen jari ta Legas ta kai ƙololuwa, mutane har bashin banki suke ci su sayi hannun jari, ni kuma na ƙarfafa wa wani ɗan kasuwar Tudun Hatsi gwiwa ya sayar da masarar da ya ajiye ya shiga. Kafin shekara ta zagayo, darajar kasuwar ta faɗi da fiye da rabi. Ban yi masa ƙarya ba, amma riba kawai na yi ta lissafa masa, ban tambaye shi ko zai iya jure asara ba. Har yau idan muka haɗu a masallaci shi ke fara miƙo mini hannu, kuma wannan ya fi mini zafi a kan a ce ya zage ni.

Batun kamasho kuwa, halal ɗinka ne matuƙar mai kuɗin ya sani. Ka faɗa masa adadin a naira, ka kuma nuna masa yadda tsadar kaya ke cin kuɗin da aka kulle. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ribar da ba ta kamo wannan ba kuwa raguwa ce a ɓoye. Ka shimfiɗa masa sauran hanyoyi ko da ba ka da ko kwabo a cikinsu, kamar sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar saka jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Shi ma yana da wa'adi, amma ana biyan haya duk wata shida kuma ana iya sayar da shi a kasuwa, ga shi ya dace da mai gudun kuɗin ruwa. Ka tabbatar duk inda za a zuba kuɗin yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar saka jari, domin waɗanda manhajar saka jari ta bogi CBEX ta rufta da su a Afrilun 2025 ba su warke ba.

Shugabanka kuma ka rubuta masa cewa tsarin bai dace da shekarun mutumin da bukatunsa ba, ka ajiye kwafi. Sannan ka je gidan dattijon bayan la'asar, ka roƙi babban ɗansa ya zauna tare da ku, ka rubuta komai a takarda, ka bar musu ita su yi mako guda suna shawara kafin a sa hannu.