Amsoshin Tambayoyinku: Wace Inshorar Lauya Ce Ta Dace da Mai Riƙe Bindiga a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da kayan masarufi a Houston ta jihar Texas, kuma da katin zama na dindindin, wato girin kad, nake zaune a ƙasar. Bayan 'yan fashi sun shiga shagon maƙwabcina, sai na yi kwas na karɓi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye. Ranar da muka kammala, wani wakilin kamfani ya tallata mana inshorar da ke biyan lauya idan mutum ya yi harbi don kare kansa. Wani abokina ya ce asarar kuɗi ce kawai. Shin tana da amfani, kuma wane kamfani zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba. Abokinka ya yi gaskiya a wani ɓangare, domin yawancin masu biyan wannan kuɗi har su mutu ba za su taɓa buƙatarsa ba. Sai dai bai lissafa abin da ke jiran wanda tsautsayi ya faɗa masa ba. Duk wanda ya ce ya yi harbi don kare kansa, to ya riga ya amsa da bakinsa cewa shi ya yi harbin, abin da ya rage shi ne ko doka ta yarje masa. Mai yanke wannan kuwa ba ɗan sandan da ya fara isowa ba ne. Mai gabatar da ƙara ne, daga baya kuma kotu, kuma lamarin kan ɗauki watanni ko shekaru.

Shari'a biyu ce ke iya biyo baya, kowace da nata kuɗin. Ta farko ita ce ta laifi, wadda gwamnatin jiha ke shigarwa. Ta biyu ita ce ta neman diyya, wadda wanda aka harba ko iyalinsa ke shigarwa, kuma hujjar da ake buƙata a cikinta ba ta kai nauyin ta farko ba, shi ya sa ana iya wanke mutum a waccan a ci shi a wannan. Bernhard Goetz, wanda ya harbi samari huɗu a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a New York a 1984, kotu ta wanke shi daga tuhumar yunƙurin kisa a 1987, ta same shi da laifin riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba, amma a 1996 wata kotu a Bronx, wani yanki na birnin New York, ta ɗora masa diyyar dala miliyan 43 ga ɗaya daga cikin samarin da harbin ya nakasa. Dokar Texas ta kare wanda ya yi amfani da ƙarfi bisa hujja daga biyan diyya, amma ba ta hana kowa shigar da ƙara ba, kuma lauya ne zai tsaya ya tabbatar wa kotu cewa kariyar ta hau kanka. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 gwamnati na ba wanda ba shi da hali lauya kyauta a shari'ar babban laifi, sai dai mai shago kamarka da wuya a lissafa shi cikin marasa hali, kuma a ƙarar diyya gwamnati ba ta ba da lauya kyauta.

Kafin batun wane kamfani, ya kamata ka san cewa abubuwa uku ne daban ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai ƙungiyar da ke haɗa wa mambobinta inshora ta gaske daga wani kamfanin inshora, kamar USCCA da ke jihar Wisconsin. Akwai masu tsarin mamba da ke ɗaukar nauyin lauya, kamar U.S. LawShield wanda a Texas ɗinku aka kafa shi, da CCW Safe na Oklahoma. Akwai kuma ofishin lauyoyi da kake biya duk wata don ya zama lauyanka tun kafin wani abu ya faru, kamar Attorneys On Retainer na Arizona. Farashin yawancinsu yana tsakanin kimanin dala 10 zuwa 50 a wata. Ba zan zaɓar maka suna ba, domin sharuɗɗansu na canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma takardar tallan da wakili ya ba ka ba ita ce za ta yi aiki a ranar da tsautsayi ya faɗa ba. Ka nemi cikakkiyar yarjejeniyar kafin ka biya ko sisi. Kamfanin da ya ce sai ka shiga sannan za ka gan ta, ka bar shi ya wuce.

Abu na farko da za ka nema a cikinta shi ne lokacin da ake biya. Wasu tsare-tsare suna biyan lauya kai tsaye tun daga ranar farko, wasu kuma sai ka biya daga aljihunka, in an wanke ka su mayar maka. Na biyun bai amfane ka da komai ba idan ba ka da dubban dalolin da lauyan shari'ar kisa zai nema kafin ya buɗe fayil, wannan kamar a yi maka alkawarin laima ne bayan ruwa ya ɗauke.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne wa ke da ikon cewa abin da ka yi kare kai ne, kuma a wane lokaci zai iya janye hannunsa. A Amurka ba a yi wa laifin ganganci inshora, saboda haka kusan kowace takardar inshora tana da sakin layin da ya cire aikata laifi. Tambayar ita ce yadda aka rubuta shi. Idan an rubuta cewa kamfani na iya daina biya da zarar ya ga, a nasa ra'ayin, cewa lamarin ba kare kai ba ne, to ka sani za a iya barin ka a tsakiyar shari'a. Idan an rubuta cewa zai ci gaba muddin alƙali ya amince a gabatar da hujjar kare kai, wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka duba kuma ko yana da damar neman ka dawo da abin da ya kashe in an same ka da laifi, da kuma abin da zai faru idan ka amsa ƙaramin laifi don a janye babba. Mafi yawan shari'o'in laifi a Amurka ta wannan sasantawa suke ƙarewa ba tare da an kai ga cikakken zama ba, don haka sharaɗin da ya ɗauki amsa ƙaramin laifi a matsayin dalilin ƙwace tallafi ya shafi hanyar da aka fi bi ne.

A nan ne girin kad ɗinka ya shigo, kuma wakilan kamfanoni ba su cika taɓo wannan ba saboda yawancin masu sauraronsu 'yan ƙasa ne. Dokar shige da fice ta Amurka ta sanya samun mutum da laifin da ya shafi bindiga cikin dalilan tasa ƙeyar wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin dindindin. Sasantawar da ɗan ƙasa zai karɓa yana murna, a ce ya amsa laifin nuna makami ya tafi gida ba tare da zaman kurkuku ba, kai tana iya kai ka gaban kotun shige da fice, inda nan ma gwamnati ba ta ba da lauya kyauta. Kotun Ƙoli ta hukunta a 2010, a shari'ar Padilla da jihar Kentucky, cewa wajibi ne lauya ya faɗakar da wanda yake karewa game da wannan haɗari kafin ya amsa laifi, amma faɗakarwa daban, ƙwarewa daban. Saboda haka ka rubuta wa kamfanin tambayoyi biyu, ka ce su amsa a rubuce: shin suna karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba da cikakken haƙƙi, kuma shin za su biya lauyan shige da fice ya duba kowace sasantawa kafin ka sa hannu. Wannan ne ma ya sa na fi son tsarin da ya bar maka zaɓin lauya a kan wanda kamfani ke naɗa maka nasa.

Sauran abubuwan za ka iya dubawa cikin sauri: iyakar kuɗin da za su kashe a shari'ar laifi, ko suna biyan masu bincike da ƙwararrun shaidu da ɗaukaka ƙara, da kuma nawa suka ware wa beli, tunda mai tsaya wa mutum beli kan karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin kuma ba ya mayarwa. Ka bambance biyan lauya a ƙarar diyya da biyan diyyar kanta, domin wasu na farkon kaɗai suke yi. Kuma tunda a shago kake yini, ka tabbatar tsarin bai cire abin da ya faru a wurin sana'a ba. Idan ka sami amsoshi masu gamsarwa a rubuce, ina ganin ga mutum irinka kuɗin bai tafi a banza ba.

Tambaya: Ni a Bronx nake, na sami lasisina bayan dogon jira. Duk kamfanin da na gwada sai ya ce ba ya karɓar mazauna New York. Ƙanina yana Pennsylvania, ko in yi amfani da adireshinsa?

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Adireshin ƙarya dalili ne da zai sa a soke yarjejeniyar a daidai ranar da kake buƙatarta, kuma mai gabatar da ƙara zai ji daɗin nuna wa kotu cewa ka taɓa yin ƙarya a kan abin da ya shafi bindigarka. Ƙin da kamfanonin suke yi yana da tarihi. A 2017 NRA, ƙungiyar kare haƙƙin masu bindiga a Amurka, ta fito da irin wannan inshora mai suna Carry Guard, a 2018 kuma hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta ce ta saɓa wa dokar jihar, ta ci kamfanin dillancin inshora na Lockton tarar dala miliyan 7, kamfanin inshora na Chubb kuma dala miliyan 1.3, saboda hannunsu a cikinta. Jihohin Washington da New Jersey ma sun ɗauki matakan da suka sa yawancin kamfanonin suka daina sayarwa a can. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya sauƙaƙa samun lasisi a New York bai taɓa dokar inshora ba.

Abin da ya rage maka shi ne ka nemi lauyan da ya saba da shari'ar makamai a jihar, ka biya kuɗin ganawa, ka ajiye lambarsa, ka kuma riƙa tara wani abu a gefe don wannan buƙata. Wasu ofisoshin lauyoyi masu karɓar kuɗi duk wata suna cewa nasu tsarin ba inshora ba ne. In za ka shiga, ka sa su tabbatar maka a rubuce cewa suna aiki a New York. Ka kuma tuna cewa a jiharku, in ba a cikin gidanka ba, doka ta wajabta maka ja da baya idan ka san za ka iya tsira lafiya kafin ka yi amfani da makami.

Tambaya: Direban babbar mota ne ni, lasisina na jihar Ohio ne, kuma ina ratsa jihohi da yawa. Inshorar za ta bi ni duk inda na je?

Amsa: Wasu tsare-tsare sun haɗa dukkan jihohi, wasu sai ka ƙara kuɗi. Amma babbar matsalarka, Malam, ita ce lasisin, domin ba kowace jiha ce ke amincewa da na wata ba. A 2013 an kama Shaneen Allen, wata uwa daga Philadelphia mai lasisin Pennsylvania, bayan ta tsallaka New Jersey da bindigarta ta kuma faɗa wa ɗan sanda da kanta. Ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya yi mata afuwa. Ba ta harbi kowa ba, kuma yawancin waɗannan tsare-tsare an yi su ne don lamarin kare kai, ba sa ɗaukar nauyin wanda aka kama da bindiga a inda ba a yarje masa ba. Ka duba dokar kowace jiha da ke kan hanyarka, ka kuma duba ƙa'idar kamfanin da kake yi wa tuƙi, domin da yawa sun hana.

Tambaya: Maigidana yana da bindiga da wannan inshora a nan Atlanta. Idan ni ce na yi amfani da ita ba ya nan, ta shafe ni? Kuma a addinance ya halatta?

Amsa: Hajiya, ya danganta da abin da aka rubuta. Wasu tsare-tsare suna haɗa iyalin da ke zaune a gidan idan abin ya faru a cikin gidan, wasu kuma sai an ƙara sunan mata an biya mata daban. Ki sa maigida ya fito da takardar ku duba tare. Kada ku dogara da inshorar gida, domin galibi tana cire raunin da aka yi da gangan. Idan kuma da bizar ziyara ko ta karatu kike zaune, dokar tarayya ta hana ki riƙe bindiga in ban da 'yan keɓantattun yanayi, kuma babu tsarin da zai gyara wannan.

Batun halacci na malamai ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Akwai kuma malaman da ke sassautawa idan buƙata ta kama. Idan za ku kai tambayar ga malaminku, ku fayyace masa ko inshora ce ta kamfani, ko asusun mambobi ne, ko kuwa ladan lauya ake biya tun gaba, domin amsarsa na iya bambanta a kan kowanne.