Amsa ga mai tambaya kan takardar hoton zuciyar jaririnta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki: an yi wa ɗanki ɗan wata biyu eko, wato hoton zuciya, takarda ta nuna FE 68% da FOP milimita 3, kin kwana ba ki runtsa ba. Ni ma na taɓa riƙe irin takardar nan a kan ɗana na uku, a nan Maraɗi. Hannuna na rawa na ninke ta na cusa a zanen goyo.

FE ɗin nan tana nuna kaso nawa cikin ɗari na jinin da ke cikinsa ɗakin hagu na zuciya ke turawa a kowane bugu. Daga kamar 55 zuwa 70 lafiya lau ne, to 68 ba abin tada hankali ba ne. FOP kuwa 'yar ƙofa ce tsakanin ɗakunan sama guda biyu. Kowane jariri da ita yake rayuwa a ciki, mafi yawanci tana rufewa bayan haihuwa. Ko cikin manya, kusan mutum 1 cikin 4 tasa ba ta rufe ba, bai ma sani ba.

Ni inda na wahalar da kaina shi ne gwada milimitocin da na manya da na gani a intanet. Don Allah kar ki yi. Faɗin ɗakin hagu na sabon jariri wajen milimita 18 zuwa 20 ne, na babba ya ninka haka. Lokotoron da ya duba nawa sai da ya sa aka ɗora shi a sikeli, aka auna tsayinsa, sannan ya yi lissafi, don awon yana bin girman jikin yaro. Ki nemi wurin da aka rubuta Z, wato lambar da ke gwada awon ɗanki da na yara masu girman jiki irin nasa: tsakanin -2 da +2 daidai yake.

Ki riƙa lura da shi wajen shan nono. In yana haki, gumi na keto masa a goshi, yana saki yana kamawa, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko nauyi ya tsaya, ki koma asibiti ranar, kar ki jira ranar da aka ba ki. A sa a duba jininsa ma, don a wajenmu masassarar cizon sauro da sikila kan rage jini har a ji ƙara a ƙirji.

Nawa aka sake masa hoto yana shekara ɗaya, ƙofar ta rufe, alhamdu lillahi. Ki adana takardar farko ki tafi da ita. Allah Ya raya mana shi.